Fatsa a Tafki: Kayan da Sabon Shiga Yake Buƙata da Abin da Zai Sa wa Ƙugiya

Yawancin waɗanda ke zuwa tafki da fatsa su dawo hannu rabbana, ba rashin kifi ne ya jawo musu ba. Abu uku ne: ƙugiya ta yi girma, zare ya yi kauri, kuma ba su san zurfin ruwan da suke jefawa ba. A kogi, ruwa ne ke tafiya da abinci, kifi ya cafke da sauri kafin ya wuce shi. A tafki ko kududdufi kuwa ruwan a tsaye yake, kifi na da lokacin da zai zagaya abincin, ya taɓa, ya tofar in ya ji ƙarfe ko nauyi. Don haka kayan tafki marasa nauyi ake nema.

Kifayen da sabon shiga zai fi haɗuwa da su biyu ne, ko a ƙaramin kududdufin bayan gari, ko a gefen madatsun ruwa irin Tiga, Bagauda da Challawa a Kano, ko tafkin Madarunfa kusa da Maraɗi. Akwai karfasa, wadda wasu wurare ke kira gargaza, da kuma tarwaɗa. Karfasa ƙaramin baki gare ta, da rana take kiwo, tsakiyar ruwa ko gefen ciyawa. Tarwaɗa a ƙasa take, da sansane da gashin bakinta take neman abinci, ta fi fita da yamma da dare. Ɗauri ɗaya ba zai yi wa su biyun ba.

Sanda da zare

Ba sai ka sayi sanda mai injin naɗe zare ba. Gora busasshiya, miƙaƙƙiya, mai tsawon mita 3 zuwa 4, wadda kanta ke lanƙwasuwa ba tare da ta karye ba, ta wadatar. Lanƙwasuwar nan ita ke shanye fizgar kifi. Sanda mai tauri zare take tsinkawa ko ta yage leɓen kifin. Tsawon zaren ya gaza na sandar da kamar kamu ɗaya, don in ka ɗaga kifi ya zo daidai hannunka. Kada ka ɗaure shi a kan tsinin kawai. Fara ɗaurin daga kamu biyu ƙasa da tsini, ka nannaɗe zuwa sama, ka sake ƙullewa. In tsinin ya karye, kifin bai tafi da komai ba.

Zaren roba fari ake amfani da shi, kuma ana rubuta kaurinsa a jikin abin naɗinsa. Ga karfasa, milimita 0.18 zuwa 0.22. Ga tarwaɗa, 0.30 zuwa 0.35. Zaren da ya daɗe a rana yana rububi, don haka ka ja shi tsakanin hannuwanka kafin ka biya.

Lambar ƙugiya a juye take: yadda lamba ke hawa, haka ƙugiya ke ƙanƙancewa. A lissafin da aka fi sani, lamba 10 zuwa 14 ta karfasa ce, 2 zuwa 6 ta tarwaɗa. Sai dai kamfanoni sun bambanta, don haka ido ya fi lamba. Ta karfasa, faɗin bakinta kada ya wuce tsawon ƙwayar shinkafa. Ta tarwaɗa, kamar faɗin farcen ƙaramin yatsa. Gwada kaifinta a kan farcenka: in ta zame ba ta kama ba, ajiye ta. Wajen ɗauri, zura zare ta kafar ƙugiya, murɗa shi a jikinsa sau shida, mayar da bakin ta ƙaramar kafar da ta rage kusa da ƙugiya, jiƙa da yawu, sannan ka ja a hankali. In ba a jiƙa ba, gogayya na ƙona zaren, kuma nan zai tsinke ranar da babban kifi ya zo.

Alama da dalma

Alama ita ce ɗan abin da ke yawo a saman ruwa yana nuna maka kifi ya taɓa. Karan gashin fiffiken talotalo ko na dinya, tsawon yatsa da rabi, ya fi komai, saboda siriri ne, kifi ba ya jin nauyinsa. Guntun soson silifas ma yana yi in an fere shi siriri, amma dunƙulalle ba ya nutsewa sai kifi ya ja da ƙarfi, karfasa kuwa ba ta yin haka. Riƙe alamar a jikin zare da 'yan zobban roba biyu da aka yanko daga robar bawul ɗin keke, yadda za ta iya matsawa sama ko ƙasa.

Dalma ƙanana ake matsawa a zare. Sa mafi yawanta santimita 30 zuwa 40 sama da ƙugiya, ƙwaya ɗaya ƙarama kuma santimita 10 zuwa 15. Ƙara ko rage har alama ta tsaya a miƙe, abin da ya fito sama bai wuce santimita 1 ba. A gida za ka daidaita wannan, cikin bokiti ko durom. Kada ka matse dalma da haƙori, guba ce; yi amfani da filaya.

Auna zurfi kafin komai

Nan ne aka fi yin sake. Kafin ka sa abinci, maƙala wa ƙugiya wani nauyi da ya isa ya nutsar da alama, ko da ƙaramin noti ne, ka sauke a inda za ka yi fatsa. In alama ta nutse, matsar da ita sama. In ta kwanta ko ta fito da yawa, matsar da ita ƙasa. Sa'ad da kanta kaɗai ya leƙo, tazarar da ke tsakanin alama da ƙugiya ita ce zurfin wurin. Yi haka a wuri uku ko huɗu gabanka. Za ka tarar da inda ƙasa ta gangara farat ɗaya, kuma gindin gangarar nan ne kifi ke bi, don can abinci ke taruwa. Ga tarwaɗa, ƙara tafin hannu ɗaya a kan zurfin, abinci ya kwanta a ƙasa. Ga karfasa, fara da tafin hannu ɗaya sama da ƙasa. In shiru ta yi yawa, riƙa ɗagowa kaɗan-kaɗan. In ƙasan taɓo ne baƙi mai wari, kada ka bar abinci ya nutse ciki.

Abin da za a sa wa ƙugiya

Tana ce kan gaba, kifayen biyu duk suna ci. Ana samunta a ƙasa mai laima, gindin ayaba ko bakin lambu. Ajiye ta cikin gwangwani da ƙasarta da ɗan ganye, a inuwa. Rana ta awa ɗaya ta isa ta kashe ta. Ga karfasa, guntu kamar gaɓar yatsa, a bar tsinin ƙugiya a waje. Doguwar tana sai su yi ta tsinke wutsiyar, kai kuwa kana ta fizgar iska. Ga tarwaɗa, tana biyu ko uku a dunƙule.

Gara da shinge, musamman farkon damina, karfasa ba ta iya ƙyale su. Fara ma tana yi in an cire mata ƙafafun baya. Tsutsar ƙuda, biyu a ƙugiya, a soke ta ta fatar gindi don ta ci gaba da motsi. In babu ɗaya cikin waɗannan, kwaɓa fulawa cokali uku da dakakken ƙuli-ƙuli cokali ɗaya da ruwa kaɗan har ya yi danƙo, ka ɗibi kamar ƙwayar wake. Aibinsa shi ne yana narkewa, sai ana dubawa kowane minti biyar. Tarwaɗa kuma abu mai ƙarni take so: hanjin kaza, guntun kifi, ko hanta. Hanta na saurin zamewa, sai a naɗe ta da zaren ɗinki.

Sannan akwai kiran kifi. Haɗa dusa gwangwanin madara huɗu da ƙuli-ƙuli gwangwani ɗaya, yayyafa ruwa har in ka dunƙula ya riƙe, in ka murza ya warwatse. Jefa dunƙule biyu kamar ƙwan kaza a inda ka auna, daga nan kuma ɗan kaɗan kowane minti goma. Wuri ɗaya za ka riƙa zubawa. Mai watsawa ko'ina raba kifin yake yi, mai zubawa da yawa kuma ƙosar da su yake yi.

Karanta alama

In tana rawa-rawa a wuri ɗaya, ƙananan kifi ne ke tsattsaga, dakata. In ta nutse, ko ta fara tafiya gefe, ko ta ɗago ta kwanta, ɗaga sanda da wuyan hannu kawai. Ɗagowar nan na nufin kifi ya ɗaga ƙaramar dalmar sama. Fizga da dukan ƙarfi kuskure ne. In kana kuskure sau da yawa, rage girman ƙugiya da abinci. In tarwaɗa na haɗiyewa har ciki, kana jinkiri ne, ko tazarar dalma da ƙugiya ta yi yawa.

Daga fitowar rana zuwa hantsi, da bayan la'asar zuwa almuru, su ne lokutan ci. Da hunturu karfasa na sanyin jiki in ruwa ya sauka ƙasa da digiri 20, sai rana ta ɗaga sosai. Bayan ruwan sama, nemi inda ruwan ke gangarowa cikin tafki, can tarwaɗa ke tarbar abin da ruwa ya kwaso. Zauna nesa kaɗan da baki, kada inuwarka ta faɗa ruwa, kada ka riƙa buga ƙafa.

Tarwaɗa na da ƙaya ɗaya a kowane fiffiken gefe. Kama ta ta bayan kai, yatsunka a bayan ƙayoyin. Ta kurungu, wani kifi dangin tarwaɗa, ta fi zafi. Daga bakin ruwa za ka yi fatsarka, ba a ciki ba, domin ruwan kwance mai katantanwa shi ke yaɗa tsargiya, kuma kududdufin da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini yakan zurma taku ɗaya daga baki. Kifin kududdufin cikin gari da kwatoci ke zuba a ciki ba na ci ba ne. Tafkuna da yawa suna hannun Sarkin Ruwa ko mai unguwa, wasu ma a rufe suke sai ranar kamun kifi na gayya, don haka ka tambaya kafin ka jefa ƙugiya. Karfasar da ba ta kai faɗin yatsu uku ba, jiƙa hannunka, cire ƙugiya, ka mayar da ita ruwa.