Kurakuran da masu ƙera kayan roba suka fi yi, da yadda za a gyara su

Mai shirin fito da kaya kasuwa, zoɓo ne a gora ko man shafawa ko tocila, hankalinsa yakan tafi kan mai saye. Ba kasafai yake tuna ɗan bola mai bin unguwa da buhu ba, alhali shi ke yanke wa robar hukunci. In tana da kuɗi ya ɗauka ta koma injin niƙa, in ba ta da shi ya tsallake ta, ta ƙare a kwata ko a tumbin akuya. Ƙungiyar haɗin kan tattalin arzikin ƙasashe ta OECD ta ƙiyasta cewa kashi 9 cikin 100 kacal na sharar roba a duniya ake sake sarrafawa, kuma a ganina tun wajen tsara kayan ake fara ɓata lamarin. Kafin ka yi odar dubbai, kai samfurin wurin masu niƙa roba ka tambayi nawa za su sayi kilonsa.

Kuskuren da ya fi kowanne ɓarna shi ne cakuɗa roba iri-iri a kaya guda. Juya gindin gora za ka ga lamba: 1 ita ce PET ta gorar ruwa da lemo, 2 ita ce HDPE ta jarka, 3 PVC, 5 kuma PP ta bokiti da murfi. Kowacce da zafin da take narkewa, ba sa haɗuwa lafiya. Masu sarrafawa suna zuba niƙaƙƙiyar gora cikin ruwa, sai PET ta nutse, ɓarɓashin murfi ya taso sama a kwashe. To idan tambarin da ka naɗe gorar da shi na PVC ne, shi ma nutsewa zai yi ya bi PET, in an zo narkarwa ya ƙone ya ɓata sauran. Ɗan kaɗan ya isa. Ka nemi tambarin PP ko PE (dangin HDPE) mai tasowa, kada ya rufe gorar gaba ɗaya, a manna shi da gam ɗin da ruwan zafi ke wankewa. Ledar garin madara mai sheƙi a ciki kuwa, wadda aka manne roba da alminiyam wuri guda, raba su wahala ne, shi ya sa ba mai tsintar ta. Inda kayan zai jure, a yi ledar da roba iri ɗaya.

Sai batun launi. Farar gora garau tana iya komawa wata gorar, mai launi kuwa sai dai ta koma abu mai duhu, don haka kuɗinta ya fi ƙasa. Wannan ne dalilin da aka bayar lokacin da Sprite ta bar koriyar gorarta ta koma fara. Baƙa ta fi muni, domin injinan tantance roba da ke aiki da haske ba sa gane irinta. Mai zoɓo ma ba ya bukatar gora mai launi, jan zoɓon ya wadatar.

Wanda ya fi damuna shi ne rubuta “mai ruɓewa” a jikin leda. Akwai wadda ake zuba wa sinadari don ta farfashe a rana, amma ba ruɓewa take ba, ƙananan ɓarɓashi take zama ta shige ƙasar noma da ruwan sha. Tarayyar Turai ta hana sayar da irinta tun 2021. Ita ma robar PLA, da ake yi daga masara ko rake, sai a masana'antar takin da zafinta ya kai wajen digiri 58 take ruɓewa da wuri. Idan babu irin wannan wuri a garin da kake sayarwa, rubutun zai sa mutane su yar da ita ne hankali kwance. Gara ka buga lambar robar a fili.

Rage kauri dabara ce mai kyau, amma tana da iyaka. Ledar da ta yi shara-shara yagewa take, sai mai tumatir ya ninka biyu ko uku, ribar ta tafi. Farin soson zuba abinci ma haka, ga rashin nauyi a sikeli ga maiƙo, kuma jihar Legas ta haramta shi a watan Janairun 2024. Mazubin PP mai murfi, wanda za a wanke a ƙara amfani da shi, ya fi shi.

A kayan da ake son su daɗe, kamar tocila mai caji da ƙaramar fanka, ɓarnar tana wajen haɗi. Sai a liƙe jikin da gam, batir ya mutu, mai gyara ya rasa ta inda zai buɗe sai ya fasa. Robar lafiyarta ƙalau amma ta tafi bola saboda batir ɗaya. A ɗaure da noti irin wanda sukudireban kowane mai gyaran rediyo ke kwancewa, a sa batirin da ake samu a kasuwa, a kuma bar masa ƙofar da za a ciro shi.