Yadda Za Ka Gane Hannun Makaɗan Kibod na Progressive Rock

Idan kana so ka bambanta makaɗan kibod na progressive rock, wani salon kiɗan rock da ya bunƙasa a Ingila a farkon shekarun 1970, ka fara da sanin muryoyin kayan kiɗan. Ka kasa kunne ga Mellotron, na'urar da kowane maɓallinta ke jan zaren kaset mai ɗauke da sautin goge ko na sarewa, wanda yakan yanke bayan kusan daƙiƙa 8. Wannan ne ke tilasta wa makaɗi ya riƙa sauya yatsu a hankali, kuma a ganina Tony Banks na ƙungiyar Genesis ya fi kowa iya wannan natsuwa, musamman a faifan Foxtrot na 1972.

Daga nan ka koma kan Keith Emerson na ƙungiyar Emerson, Lake & Palmer, wanda yake kaɗa Hammond, wani kibod na lantarki, da ƙarfi har yakan cusa wuƙaƙe tsakanin maɓallai don sauti ya daɗe. Rick Wakeman kuwa, da ya shiga ƙungiyar Yes a 1971, za ka gane shi da saurin yatsu a kan Minimoog, wani ƙaramin kibod na lantarki mai fitar da sauti ɗaya tak a lokaci guda.