Yadda Ake Haɗa Lemon Mangwaro a Gida

Tun da mangwaro ya faɗo kasuwa 'yan uwa mata ke ta tambayata yadda nake haɗa lemonsa. To ga shi, a sha a samu bitamin A da C cikin araha.

1. Ki zaɓi manya guda 3 masu tsoka, irin paparanda. Ki shinshina gindin, nunanne ƙamshi yake yi. Hattara: wanda fatarsa ta yi rawaya amma babu ƙamshi, wataƙila da sinadarin kabayid aka nunar da shi, kuma NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta sha gargaɗi a kan haka.
2. Ki wanke sosai, musamman inda ƙaro ya zubo. Shi ke sa wa wasu yara ƙuraje a gefen baki.
3. Ki fere ɓawon.
4. Ki yanka tsokar ƙanana.
5. Ki zuba a bilenda da kofi 2 na ruwa mai tsabta.
6. Ki jefa ɗanyar citta kamar kan yatsa.
7. Ki markaɗa har ya yi laushi.
8. Ki tace in mai zare ne. Ni dai in ba shi da zare ba na tacewa, dusar nan tana taimaka wa mai fama da taurin bayan gida.
9. Ki ɗanɗana kafin ki taɓa sukari. Nan ake yawan kuskure, zaƙinsa ya isa. Mai ciwon suga ya tsaya a rabin kofi.
10. Ki sa a firji, a shanye a ranar. Da zafin Afrilu, in ya kwana a waje tsami zai yi.