Cire ƙarafan tagar ɗakin ƙarƙashin ƙasa: kurakuran da aka fi yi da yadda za a gyara

Mutane da yawa da zarar sun yanke shawarar cire baglar ɗin tagar ɗakin ƙasa sai su ɗauko giranda, wato injin yanka da goge ƙarfe, su jona wuta su hau yanka, ko tsayawa su duba yadda aka kafa ƙarfen basa yi. Toh nan ne matsala take farawa. Ƙarafan nan ba iri ɗaya ake kafa su ba, wani da sukuru aka ɗaure shi a jikin bango, wani da noti amma an ɗiga walda a kan notin don kar ɓarawo ya kwance, wani kuma tun lokacin gini aka binne bakin rodin cikin kankare. Ka goge fenti da tsatsar da ke wurin da buroshin ƙarfe ka gani da idonka tukuna, sau da yawa zaka tarar sifana da ɗan man kwance tsatsa irin WD-40 sun isa, ka fesa ka barshi ya jiƙa ka dawo. Akwai sukurun da aka ƙera shi don ya shiga kawai baya fita, sukudireba zamewa take idan ka juya baya, mutane suyi ta fama har su cinye kan gaba ɗaya. Irin wannan ka yi masa ɗan tsaga a kai da siririn faifan giranda sai ka sa sukudireba mai faɗin baki, in ya ƙi ka share kan da giranda ko ka huda shi da injin huda.

Kuskure na biyu, kuma shi yafi bani haushi saboda asara ce ta banza, shine barin gilashi a buɗe. Tartsatsin giranda ƙananan ɓarɓashin ƙarfe ne masu tsananin zafi, idan suka faɗa kan gilashi narkewa suke su manne a jiki, sai kaga gilashin ya yi ɗigo-ɗigo baƙaƙe, daga baya su yi tsatsa kuma babu wankin da zai fitar dasu. Firam ɗin roba ma haka yake ƙonewa. Ka rufe da filawud ko falle na kwano, kar ka sa kwali ko leda don su kansu kamawa suke. Sannan ka leƙa cikin ɗakin, ai ɗakin ƙasa shine ma'ajiyar tarkace, galan ɗin fetur, gwangwanin fenti, tukunyar gas, tsofaffin katifu, duk a kwashe su daga kusa, a ajiye ruwa ko na'urar kashe gobara. Bayan an gama a ɗan jima ana dubawa don tartsatsi yana iya shiga tsumma ya yi ta ci a hankali babu wanda ya sani. Ka kuma duba ko akwai wayar lantarki ko bututu da ya bi gefen tagar.

Sai maganar girandar kanta. Ƙaramar giranda mai faifan milimita 115 tana juyawa wajen sau 11,000 a minti ɗaya, amma sai kaga mutum ya cire murfin kariyar wai yana tare masa gani, ba tabarau ba komai. Dan Allah a daina. Faifan yanka siriri ne, ba a yi shi don a goga da gefensa ba, idan ka murɗa shi cikin yanka ko ƙarfen ya matse shi, ko dai ya tarwatse ko girandar ta zabura ta dawo kanka, kuma a tagar ƙasa yawanci a tsugune mutum yake cikin ƙunci fuskarsa dab da aikin. Faifan yanka daban, na goga daban. A sa tabarau da garkuwar fuska da abin toshe kunne, a riƙe da hannu biyu. Wanda bai saba da giranda ba ya yi amfani da zarton ƙarfe, zai ɗau lokaci amma babu tartsatsi, ko kawai ya kira mai walda.

Wani abin da ake rainawa shine nauyi. Ƙarfen yana rataye sai kaga kamar ba komai, sai an yanke na ƙarshe ya faɗo kan ƙafa ko ya koma ciki ya fasa gilashin. Ka fara da maƙalan ƙasa ka bar na sama su zama na ƙarshe, ka tokare ƙasan da katako, kuma a samu mutum na biyu ya riƙe. Banƙarawa da dogon ƙarfe don a yi sauri ma kuskure ne, bakin bulo ko kankare ne zai ɓalle ya biyo ƙarfen, gyaran da zai fi cirewar wahala.

Tsohon fenti ma abin lura ne. Gidajen da suka daɗe ana iya samun fenti mai dalma a jikin ƙarafan, a Amurka sai 1978 aka hana amfani da shi a gidajen zama, kuma goga shi da inji yana tada ƙurar da ke cutar da ƙwaƙwalwar yara sosai. A sa takunkumi mai tace ƙura na gaske, a kori yara daga wurin, a goge ƙurar da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara.

Inda aka fi sakaci shine bayan ƙarfen ya sauka, sai a ɗauka aiki ya ƙare. Guntun rodin da ya rage cikin bango idan aka barshi ruwa na taɓa shi zai yi tsatsa, ita kuma tsatsa tafi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri, sai ta kumbura ta tsaga kankaren daga ciki. Kuma tagar ƙasa daidai inda ruwan sama ke taruwa take, duk ramin sukurun da aka bari hanyar danshi ce zuwa cikin ɗaki. Ka goge guntun ya nutse kaɗan ƙasa da fuskar bango, ka shafa fentin hana tsatsa, ka hure ƙurar ramukan, ka ɗan jiƙa su sannan ka cika da siminti, in ya bushe a yi fenti.

Akwai kuma waɗanda ke cirewa basu tanadi abin da zai maye gurbi ba, taga ta kwana a buɗe daidai ƙasa inda kowa zai iya zurawa. Ni ina goyon bayan cirewa ɗari bisa ɗari idan ana kwana a ɗakin, domin in gobara ta tashi a sama ta tare matakala wannan tagar ce kaɗai mafita, shi yasa dokar gini a Amurka ta ce ƙarfen da ke kan tagar tsira dole ya buɗu daga ciki ba tare da makulli ko wani kayan aiki ba. Toh kafin ka cire tsohon ka tanadi irin mai buɗewa daga ciki, ko makulli mai kyau da fitila mai kamawa in ta ji motsi. In kuma haya kake, ka nemi izinin mai gida a rubuce kafin ka taɓa komai, in gidan na da inshora a tambaye su ko ƙarafan na cikin sharuɗɗansu.