Kurakuran da aka fi yi wajen ɗaukar hoton yara a filin ƙwallo

A Katsina, da zarar an idar da sallar la'asar, duk wani fili da ke tsakanin Ƙofar Marusa da Ƙofar Ƙaura ya koma hannun yara 'yan ƙwallo. In gasar unguwanni ce ko ta makarantu, iyaye da yayye ne ke cika bakin fili, kowa ya ɗaga waya. Sai an tashi a duba abin da aka ɗauka: ƙura, ƙeyar wani yaro, da wani ɗan ɗigo can nesa wai shi ne ɗan gidan. Nan take a ɗora wa waya laifi. A ganina Tecno ko Infinix mai matsakaicin kuɗi ta isa aikin. Yawancin ɓarnar daga inda mai ɗauka ya tsaya take, da kuma lokacin da ya danna.

Babban kuskure shi ne fuskantar rana. Mutum yakan nemi inuwa ko inda abokansa suke ya tsaya, bai duba ina hasken yake ba. Da yamma rana tana yamma, don haka duk wanda ya tsaya a gabashin fili yana kallonta, yaran za su fito masa baƙi ƙirin, sama kuma fari fat. Ka zagaya ka ba rana baya, ka fuskanci gabas kamar mai shirin tada salla, hasken zai sauka a fuskokinsu. In wasan safe ne, sai ka juya lissafin.

Ko ka tsaya daidai, akwai sauran aiki. Kyamara tana auna hasken fili gaba ɗaya ne, to ga yashi mai haske, ga farar riga, sai ta rage haske don kada su ƙone, fuskar yaro baƙi kuma ta nutse. Ka taɓa fuskarsa a allon waya, alamar rana za ta fito a gefe, ka ɗan ja ta sama. Gara farar riga ta yi haske fiye da kima a kan uwa ta kasa gane ɗanta.

Sai ɗauka daga tsaye. Babban mutum ya fi ɗan shekara 10 tsawo nesa ba kusa ba, saboda haka abin da kyamara ke gani daga sama shi ne tsakiyar kai da ƙasa. Ka durƙusa ko ka zauna, waya ta zo daidai ƙirjin yaron. Daga nan ne yake fitowa da ƙwarjini irin na 'yan wasan Katsina United a filin Muhammadu Dikko, tsallensa ma ya nuna tsalle ne. Na san wasu na jin nauyin zama a ƙasa da kaftani mai guga a gaban jama'a. To a zo da 'yar darduma.

Jawo hoto da yatsu biyu ma cuta ce. A yawancin wayoyi wannan ba ya kusanto da komai, yanke tsakiyar hoton kawai yake yi ya buɗa shi, shi ya sa fuska ke dagargajewa. Ka haƙura da abin da ke faruwa a wancan ƙarshen fili, ba rabonka ba ne. Ka zaɓi wuri ɗaya, kusa da kwana ta ɓangaren ragar da yaranku ke kai wa hari, ka jira. Daga nan suna tahowa ne suna fuskantarka. Wanda ya tsaya a tsakiya yana bin ƙwallo sama da ƙasa, gefen fuska da lambar baya yake tarawa. Kada dai ka tsallaka layi, kuma ka bar bayan raga sak, don ƙwallo ba ta san waya ba.

Hoto dishi-dishi shi ne abin da aka fi kuka da shi, kuma lissafinsa a fili yake. Ƙwallon da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya. In kyamara ta buɗe ido na tsawon 1/60 na daƙiƙa, ƙwallon ta yi tafiyar santimita 28 kafin ta rufe, sai ta fito da jela. A 1/1000 kuwa tafiyar ba ta kai santimita 2 ba. Idan kyamarar wayarka tana da sashen Pro, inda kake saita ta da kanka, ka sa saurin buɗe idon a 1/500 ko 1/1000, ka bar ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, ya daidaita kansa. Mai babbar kyamara ya sa ta a AI Servo in Canon ce, AF-C in Nikon ko Sony ce, don ta riƙa bin yaron yana gudu. Amma wannan saurin yana son haske. Rabin farko na wasa, kafin rana ta yi ƙasa, shi ne lokacin ɗaukar gudu da karo. Dab da magariba, musamman a hazon Disamba da Janairu, ka koma kan abin da ba ya motsi sosai: koci yana magana, gola yana jiran fenariti, 'yan benci sun yi tsuru-tsuru. Filasha kuwa a kashe ta, haskenta bai wuce 'yan taku ba, sai dai ta haska maka ƙurar da ke gabanka.

Masu danna sau ɗaya kusan kullum sun makara. Kafin ido ya gani yatsa ya amsa, ƙwallo ta bar ƙafa. Ka fara tun yaron yana ɗaga ƙafa, ka yi ɗaukar jere: a iPhone ana jan maɓallin zuwa hagu, a Samsung na yanzu ana jan shi ƙasa, wasu wayoyin kuma riƙe shi ake yi. Cikin ashirin ka zaɓi ɗaya, wanda ya haɗa fuska da ƙwallo. In babu ƙwallo, yaro ne kawai yake gudu.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne sauke waya da zarar an ci. Ai lokacin ne fuska ke buɗewa, a ruga kwana, a hau juna, gola ya dafe kai. Ka ci gaba da ɗauka har a mayar da ƙwallo tsakiya. Kuma kada ka ƙare a kan mai cin ƙwallo shi kaɗai; ɗan bayan da ya wuni yana tare hari shi ma yana da iyaye. Amma yaron da ya faɗi yana kuka, ko wandonsa ya yage, a bar shi. Wannan hoton in ya shiga hannun 'yan ajinsu, sai ya shekara ana tsokanarsa.

Kafin wasa ka duba gilashin kyamara. Ƙurar hunturu da maiƙon yatsa suna sa hoto ya yi hazo ko da gari garau yake. Ka hure tukuna sannan ka goge da ƙyalle mai laushi, don goge yashi da bakin riga kankare gilashi yake yi.

Saura batun turawa. WhatsApp yana matse hoto, sai an zaɓi HD ko an tura shi a matsayin fayil yake isa da kyansa. Sai dai fayil yana tafiya da duk bayanan da waya ta liƙa masa, har da wurin da aka ɗauka in an bar wannan a kunne. A jihar da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar Ƙanƙara a Disambar 2020, bai kamata a sa hoton yaro a Facebook da cikakken sunansa, da sunan makarantarsa, da ranar da suke atisaye ba. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ma ta ɗora amincewa a kan bayanan yaro a hannun iyaye ko mai riƙonsa. Tun kafin a take wasa ka sami koci ka ce, "Malam, zan ɗauki yaran nan hoto, akwai wanda iyayensa ba sa so?" In wasan 'yan mata ne a makaranta, izinin shugabar makaranta da na iyaye ne farko. Bayan wasa ka tura wa kocin hotunan, shi ya raba wa kowane gida nasa.