Yadda Ake Kawar da Ƙananan Ƙudaje Daga Ciyawar Kunkuru ta Cikin Gida

Duk mai shuka alkama ko sha'ir a tire don ciyar da kunkuru ya san baƙaƙen ƙudajen nan masu kama da sauro, da ke tashi da zarar an taɓa ciyawar. Ba sa cizo, ba su wuce milimita 3 ko 4 ba. Ɓarnar tana wajen tsutsarsu, fara mai baƙin kai, wadda ke zaune a santimita 2 zuwa 5 na saman ƙasa tana cin fumfuna da ƙananan saiwoyi. Mace ɗaya kan saka ƙwai har 200, kuma daga ƙwai zuwa ƙuda mako uku ne zuwa huɗu a ɗumin ɗaki.

Kada ka kuskura ka fesa maganin ƙwari. Kunkuru ne zai ci ciyawar, guba kuwa cikinsa za ta ƙare.

Fara da tabbatar da tsutsar. Yanka ɗanyen dankalin Turawa mai kaurin santimita 1, kifa shi a kan ƙasar, bayan kwana biyu ka ɗaga. In suna nan, za ka gan su maƙale a jikinsa.

Ruwa shi ne tushen matsalar. Ƙwan da tsutsar ba sa jure bushewa, don haka daina zuba ruwa ta sama. Sa tiren mai huji a cikin wani mai ruwa na minti 15, cire, bar shi ya tsane. Kada ka sake ba shi sai ka tura yatsa ka ji saman ya bushe. Ƙaramar fanka tana kaɗa iska tana hanzarta hakan. Rage yawan iri kuma. Wanda ya cunkushe bai tsiro ba ruɓewa yake, fumfunarsa ita ce abincin tsutsar.

Dabarar da ta fi aiki ita ce shuka a tire bi da bi. Alkamar da aka jiƙa awa 8 zuwa 12 kafin shuka tana isa yanka cikin kwana 7 zuwa 10. Ajiye tire uku, kana shuka ɗaya kowane mako, ka zubar da kowanne bayan yanka na biyu, kafin ya cika mako uku. Ta haka tsutsar ba ta samun zarafin zama ƙuda. Wanke tiren da ruwan zafi, sabuwar ƙasar ma a kwarara mata tafasasshen ruwa ta huce kafin shuka, domin sau da yawa da ƙwan ake sayo ta.

In sun riga sun yi yawa, nemi Bti, wata bakteriya da ke kashe tsutsar sauro da ta irin waɗannan ƙudaje, ana sayar da ita da suna Mosquito Bits. Jiƙa babban cokali 4 a ruwa lita 4 na minti 30, tace, shayar da ƙasar sau ɗaya a mako har mako uku. Ba ta taɓa ƙwai ko manya, shi ya sa dole a maimaita. Manyan kuwa takarda mai danƙo ruwan ɗorawa ke kama su; rataya ta inda kunkuru ba zai kai ba.

Wasu na rufe ƙasar da yashi. Yana hana saka ƙwai, amma in tiren kake ajiyewa gaban kunkuru, zai haɗiye yashin ya toshe masa hanji. Yi haka kawai idan da almakashi kake yanko masa ciyawar.