Yadda ake shata yankunan ƙidaya a jiha, daga ƙaramar hukuma zuwa ƙofar gida

Kafin jami'in ƙidaya ya yi sallama a ƙofar gidan kowa, akwai wani aiki da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke shafe shekaru tana yi, wato yanka ƙasar kowace jiha zuwa ƙananan yankuna waɗanda mutum ɗaya ko biyu za su iya kewayawa cikin 'yan kwanakin da aka ware. A kan wannan aiki sahihancin ƙidaya ya dogara, domin duk gidan da bai shiga taswira ba, da wuya a ƙirga mutanen da ke cikinsa, duk gidan da ya shiga taswira biyu kuma akwai yiwuwar a ƙirga shi sau biyu. Ƙa'idar da mai shata zai riƙe ita ce kowane taku na ƙasar jihar ya kasance cikin yankin ƙidaya guda ɗaya tak, har da daji da dutse da fadamar da ake ganin babu kowa.

Ana farawa ne daga rabon mulki da ake da shi a ƙasa. Najeriya tana da jihohi 36 da Babban Birnin Tarayya Abuja, da ƙananan hukumomi 774. Kano tana da 44, Katsina 34, Jigawa kuwa 27. Ƙarƙashin ƙaramar hukuma akwai mazaɓu, sannan garuruwa da ƙauyuka da unguwanni. Mai shata zai fara tabbatar da iyakar ƙaramar hukumar da zai yi aiki a ciki, ya tattara sunayen dukkan garuruwa da ƙauyuka da rugage da tungayen da ke cikinta, ya kwatanta su da jerin da aka yi amfani da shi a ƙidayar baya. Wannan kwatanci yana da muhimmanci saboda wurare suna canzawa: ƙauye kan tashi saboda ambaliya ko rashin tsaro, gonakin bayan gari kan koma unguwanni, wani lokaci ma ita kanta iyakar mulki kan motsa, kamar yadda aka cire Jigawa daga Kano a watan Agusta na 1991, 'yan watanni kafin ƙidayar da aka yi a Nuwamban wannan shekara.

Bayan haka sai a nemi goyon bayan masu ƙasa. Hakimi da dagaci da mai unguwa su ne suka san inda unguwar wane ta tsaya, da sunan da mutane ke kiran wuri da shi, da rugar da ta sauka bayan tudu a daminar bana. A ganina ba ƙaramin ganganci ba ne mai shata ya shiga gari ba tare da ɗan rakiya daga mai unguwa ba, ko da kuwa yana riƙe da hoton tauraron ɗan'adam mafi kyau, domin hoto yana nuna rufin gida ne kawai, ba ya faɗin ko iyali nawa ke kwana a ƙarƙashinsa.

Ainihin aikin shi ne yanka yankin. Mai shata zai bi gari da ƙafa, layi bayan layi, yana kiyasta yawan mutanen kowane gida ta hanyar tambayar mazauna, yana tarawa har adadin ya kai gwargwadon da hukuma ta ƙayyade wa yanki ɗaya, sannan ya rufe yankin ya buɗe wani. A ƙidayar 2006 an raba ƙasar zuwa yankuna fiye da 600,000, wanda ke nufin kowane yanki ya ƙunshi mutum ɗari biyu da 'yan kai idan aka yi raba-daidai. Sai dai girman fili ya bambanta ƙwarai. A cikin tsohon birnin Kano, lungu biyu ko uku na iya cika yanki guda, alhali a karkarar Yobe ko Borno sai an haɗa ƙananan ƙauyuka da dama masu tazara kafin a sami adadin, kuma a nan dole a yi la'akari da nisan da jami'i zai iya tafiya, ba yawan mutane kaɗai ba.

Wajen zaɓen iyaka, a nemi abin da ido ke gani kuma ba ya gushewa da wuri, kamar titi, layin dogo, kogi, kwalbati, ganuwa ko babban layin wutar lantarki. A guji kafa iyaka da abin da zai iya ɓacewa kafin ranar ƙidaya, irin su shingen kara, rumfar mai shayi ko hanyar da ruwa ke shafewa da damina. Kada iyaka ta ratsa tsakiyar gida, kada kuma yanki ɗaya ya haɗa ƙasar ƙananan hukumomi biyu, domin a ƙarshe ana tara alƙaluman yankuna ne a fitar da na gari, a tara na garuruwa a fitar da na ƙaramar hukuma, har zuwa jiha. Yankin da ya tsallaka iyaka yana lalata wannan lissafi tun daga tushe. Kowane yanki ana ba shi lambar da ba ta da irinta, wadda ke ɗauke da lambar jiha da ta ƙaramar hukuma, sannan a rubuta bayanin iyakarsa da kalmomi, ta yadda baƙon da bai taɓa zuwa wurin ba zai gane inda zai fara da inda zai tsaya. Daga nan sai a haɗa wasu 'yan yankuna masu maƙwabtaka ƙarƙashin mai sa ido guda. A shirin ƙidayar da aka tsara yi a watan Mayu na 2023, wadda aka ɗage kafin ranar ta zo, an yi wannan shata ne da hotunan tauraron ɗan'adam da kwamfutocin hannu masu nuna ainihin inda mutum yake tsaye.

Akwai wani abu da ya kamata a riƙa faɗa wa jama'a tun daga ranar farko: iyakar yankin ƙidaya ba iyakar mallakar ƙasa ba ce. Ba ta ba wani hakimi ƙauye, ba ta ƙwace gonar kowa. Idan mai shata ya iske wurin da garuruwa biyu ko jihohi biyu ke jayayya a kansa, ba aikinsa ba ne ya yanke hukunci. Zai tabbatar wurin ya shiga taswira, ya rubuta cewa akwai taƙaddama, ya miƙa wa na gaba da shi, domin rikicin iyaka tsakanin jihohi hurumin Hukumar Kula da Iyakoki ta Ƙasa ne.

Rabon mutanen kuwa yana bin rabon ƙasar. Idan ƙidaya ta matso, ana sa wa kowane gini lamba, a jera iyalan da ke ciki. A ƙasar Hausa wannan mataki yana buƙatar natsuwa, saboda babban gida mai zaure ɗaya na iya ƙunsar magidanta biyar ko shida, kuma ma'aunin da ake bi shi ne waɗanda ke kwana wuri ɗaya suna ci daga tukunya ɗaya. Wa da ƙane da suka raba girki iyali biyu ne, ko da katanga ba ta raba su ba. Sannan akwai waɗanda ba sa zaune a cikin iyali irin wanda aka saba: ɗaliban makarantun kwana, marasa lafiya a asibiti, fursunoni, almajiran tsangaya, 'yan gudun hijira a sansani, da masu kwana a tasha ko kasuwa. Dole a yi alamar irin waɗannan wurare a taswira tun lokacin shata. Makiyaya ma haka suke. A gano mashekarinsu da burtalin da suke bi, a kuma yi magana da arɗonsu, tunda inda aka gan su lokacin shata ba lallai ne nan za a same su ranar ƙidaya ba.

Najeriya tana ƙirga mutum ne a inda aka same shi lokacin ƙidaya, ba a garin da aka haife shi ba. Saboda haka ɗabi'ar kwasar iyali a tafi ƙauye don a ƙara wa mahaifa yawan mutane tana cutar da kowa: yankin da aka shata wa mutum ɗari biyu sai ya cika ya fi ƙarfin jami'insa, unguwar da mutumin ke zaune kuma, inda 'ya'yansa ke zuwa makaranta da asibiti, sai ta fito da adadin da bai kai na gaskiya ba. Ƙasar da ta soke sakamakon ƙidayar 1962 da ta 1973 saboda taƙaddama a kan alƙaluma, kuma har yanzu take jingina da adadin 2006 na mutum miliyan 140 da ɗoriya, tana buƙatar taswirar da za a iya komawa a bincika. Shi ya sa bayan an gama ƙidaya ake zaɓar wasu yankuna a tura wasu jami'ai daban su sake ƙirgawa, a kwatanta sakamakon biyu gida-gida, a gano yawan waɗanda aka tsallake da waɗanda aka maimaita.